Gado Mai Bene: Yadda Ake Ɗaga Shimfiɗa Sama a Ƙaramin Ɗaki

 Jama'a masu sauraro na Kafanchan da Kagoro, na Zonkwa da Kwoi, na Gidan Waya da Godogodo, har da masu jin shirin a hanyar gona, yau shirin ya leƙa shagon kafinta ne. Abin da ya ɗauko kuwa shi ne gado mai bene.

Wane iri ne wannan? Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san gadon ƙarfe mai hawa biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama. To, ku cire na ƙasan a zuci. Abin da ya rage shi ne gado mai bene. Shimfiɗa a sama, fili a ƙasa. A filin nan sai a sa teburin karatu, ko keken ɗinki, ko akwatunan kaya.

Za a fara da awon ɗaki. Daga nan sai zaɓen katako, kuma a nan za a daɗe. Sai haɗa gadon. Sai shingen da ke hana faɗowa. Masu tsohon gado da ke son ɗaga shi, ku ma da naku a ƙarshe. Mai biro da takarda ya jawo su kusa, don akwai lambobi.

Kafanchan garin baƙi ne tun asali. Tun da layin dogo daga Fatakwal da Inugu ya haɗu da na Kaduna da na Jos a nan, a 1927, mutane ke sauka suna neman ɗakin haya. A da ma'aikatan jirgin ƙasa ne da 'yan kasuwa. Yau ga ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke garin, ga na kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, ga na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya. Ɗaki ɗaya shi ne wurin kwana, shi ne wurin karatu, shi ne ma'ajiya. A lissafa. Ɗaki mai ƙafa 10 da ƙafa 12 yana da murabba'in ƙafa 120. Katifa mai ƙafa 6 da ƙafa 4 da rabi ta cinye 27 daga ciki. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakin ke nan, kwance yake wuni guda ba ya aikin komai. Shi ake son a ƙwato.

Kashi na farko, awon ɗaki.

Yawanci mai son gadon nan faɗin ɗaki yake fara aunawa. Ba a nan gizo ke saƙar ba. A fara da tsayi, daga daɓe zuwa silin. Mutum ya zauna a kan katifa ya miƙe bayansa, kansa bai taɓa silin ba: wannan shi ne ma'auni. Ga babba, ana bukatar kamar ƙafa 3 tsakanin saman katifa da silin. A ɗakin da tsayinsa ya kai ƙafa 9, in an sa shimfiɗar katako a ƙafa 5 da rabi, aka ɗora katifa mai kaurin inci 4 zuwa 6, lissafi ya fita. A ƙasa kuma za a sami kusan ƙafa 5. Ba ta isa a tsaya ba, amma ta isa a zauna a tebur a yi karatu. In ɗakin ƙafa 8 ne, a sauke gadon ƙasa-ƙasa, a bar ƙarƙashinsa ga akwati da buhu kawai.

Yanzu kowa ya ɗaga kai ya dubi silin ɗinsa. Akwai fanka? Fankar sama da gado mai bene ba sa zama inuwa ɗaya. Mutum ya farka cikin dare, wuta ta dawo bai sani ba, ya miƙa hannu yana miƙa. Ku ƙarasa labarin da kanku. Ko dai gadon ya koma kusurwar da hannu ba zai kai fukafukin ba ko an miƙa shi, ko a cire fankar a sa ta bango. Haka ƙwan lantarki da wayar da ke reto.

Sai zafi. Iska mai zafi sama take tashi. A watan Maris da farkon Afrilu, kafin ruwa ya sauka, ƙarƙashin kwano ba wurin kwana ba ne. Ɗakin da ba shi da silin, kwano ne tsirara, shirin ba ya ba da shawarar a yi gadon nan a cikinsa sam. In akwai silin, a nemi ɓangaren da taga take, amma kada gadon ya jingina da tagar da ba ta da ƙarfe.

Kashi na biyu, katako. A gyara zama.

Kudancin Kaduna ba ta rasa itace ba. Akwai maɗaci mai ja da nauyi. Akwai doka da maje. Akwai malaina, wadda asalinta daga Indiya da maƙwabtanta aka kawo ta. Akwai kuma tik, shi ma baƙo ne daga can, wanda aka fara dasawa a gandun dajin Nimbia, a hanyar Jos, tun ƙarshen shekarun 1950. Zuciyar tik tana da wani mai a cikinta wanda gara ba ta so. Amma ku lura, zuciyar ce kawai, wato jan tsakiyar. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba shi da wannan kariya. In mai katako ya ce tik ne, a duba a ga nawa ne ja, nawa ne fari.

Ga ginshiƙai huɗu da ke ɗauke da gadon, da dogayen katakon gefe, a nemi mai ƙarfi: maɗaci ko tik. Malaina ba ta da nauyi, tana da daɗin aiki, ta dace da shinge da 'yan katakon shimfiɗa. Farin katakon nan mai laushi da magina ke zuba kankare da shi kuwa, a bar wa magina kayansu. Farce ma yana shiga jikinsa. Yana da araha, amma araha ba ta ado.

Babbar tambaya dai ita ce: ya bushe?

Ku kwatanta magidanci ya shiga wurin 'yan katako. Ya dafa wani falanki ya ce, "Oga, wannan ya bushe kuwa?" Mai kaya ya ce, "Haba Baba, ƙamas yake." Ba lalle ƙarya yake ba. Bayan katakon ne kawai ya bushe, don rana ta buge shi. Cikinsa ne ke jiƙe. Itacen da aka sare makon jiya cike yake da ruwa, kuma malaina musamman tana da jinkirin bushewa.

Me ya sa wannan ya dami mutumin Kafanchan fiye da kima? Saboda yanayin wurin. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ake tafkawa, har ƙofar ɗaki ta kumbura ta ƙi rufuwa. Daga Nuwamba kuma hunturu ya shigo da busasshiyar iska, ƙofar nan dai ta saki. Katako yana shan laima yana kumbura, yana bushewa yana motsewa. Ba ya motsewa ta tsawo, sai ta faɗi da kauri. Gadon da aka haɗa da ɗanyen katako a watan Agusta zai tsaya kyam. Zuwa Janairu, duk mahaɗinsa ya saki. Ana hawa yana kuka, ana juyi yana rawa.

Ga dabarar da ba ta cin kuɗi. A sayo katakon da wuri. A jera shi a inuwa, ba a rana ba, don rana tana tsaga shi tana murɗe shi. A ɗaga shi daga ƙasa. Tsakanin kowane layi a sa 'yan sanduna don iska ta ratsa. Sannan a ware guda ɗaya, a rubuta masa alama. A yankin nan na masu citta, sikeli ba ya wuyar samu. A auna katakon, a rubuta nauyinsa a jikinsa. Bayan mako guda a sake. Muddin nauyin yana raguwa, ruwa na fita. Ranar da aka auna sau biyu a jere bai ragu ba, ya shirya. Lokacin da ya fi dacewa da wannan shi ne hunturu, lokacin da ake shanya citta.

A maimaita: ba a yin gado mai bene da ɗanyen katako.

A kasuwa da lamba ake kiran katako. Tu-bai-fo, wato kauri inci 2, faɗi inci 4. Tu-bai-sikis, inci 2 da inci 6. Ginshiƙi ya zama fo-bai-fo, ko a haɗa tu-bai-fo biyu da gam da noti su zama ɗaya. Katakon gefe ya zama tu-bai-sikis, a tsaye bisa gefensa, ba a kwance ba, don a tsaye ya fi ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba. Amma a tafi da tef ɗin awo a aljihu. Suna daban, awo daban. Sau da yawa abin da ake kira inci 2 bai cika ba. A ɗaga kowane katako, a rufe ido ɗaya, a hango shi daga wannan baki zuwa wancan. Mai lanƙwasa, a ajiye. Mai babban gaɓa a tsakiya, a ajiye. Mai 'yan ramuka da gari ke zubowa daga ciki, ƙwaro ya riga ku, a ajiye.

Wata 'yar magana a gefe. Gandun daji ba na kowa-ya-samu ba ne. A sayi katako a wurin mai sana'ar da aka sani, ba a hannun mai shigo da shi cikin dare ba.

Batun gara kuma. Mutane da yawa baƙin man inji suke shafa wa katako. A katakon rufi ko dirkar rumfa ana ganin haka. Amma wannan gado ne. Fata za ta taɓa shi, yaro zai iya kai masa baki, hanci zai kwana a kansa. Baƙin mai yana ɗauke da dattin inji mai cutarwa, kada a kusanto da shi. Abin da ya fi shi ne a raba katako da danshi, kamar yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu. A yanko roba daga tsohuwar taya, a sa ƙarƙashin kowane ginshiƙi. Sauran jikin a goge da samfefa, a shafa fenti, a bar shi a waje har warin ya fita.

Kashi na uku, haɗa gadon.

Jama'a, ƙusa ba ta riƙe gadon sama. Ƙusa matsewar katako ce ke riƙe ta. Kullum ana hawa ana sauka, gadon na ɗan motsi, ramin ƙusa na ƙara faɗi a hankali. Ba a ganin wannan da ido. Abin da ake so shi ne noti, wato dogon ƙarfen nan mai zare da ake hudawa ya ɓulla ɗaya gefen a ɗaure. Mai kaurin milimita 10 ya isa. Kowace mahaɗa noti biyu, ba ɗaya ba, don a kan ɗaya katako juyawa yake. A sa washa gaba da baya, wato faffaɗan zoben ƙarfen da ke hana kan notin nutsewa cikin katako. A fara huda rami kafin a zura, musamman a tik da maɗaci, in ba haka ba su tsage.

Ƙwararren kafinta yana ƙara wani abu. Yana yanke ɗan gurbi a jikin ginshiƙi, zurfin kamar rabin inci zuwa inci ɗaya, daidai faɗin katakon gefe. Katakon ya shiga gurbin ya zauna. Yanzu nauyin mai barci a kan itace yake, notin kuwa hana zamewa kawai yake yi. Aikin minti kaɗan ne da zarto da kurfi, amma shi ne ke bambanta gwani da ɗan koyo.

Noti yana da wata riba ga ɗan haya. Ƙofar ɗaki ba ta wuce ƙafa 3 ba galibi. Gadon da aka buga da ƙusa a cikin ɗaki, ranar tashi sai an farfasa shi. Na noti kuwa, sifana ɗaya ta isa. A kwance, a ɗaure a kan Keke Napep, a kai sabon ɗaki.

Saura rawa. Ginshiƙai huɗu dogaye da shimfiɗa a kansu, ko da noti, za su yi lilo in aka tura su. Dalili kuwa, siffa mai kusurwa huɗu tana iya karkacewa. Mai kusurwa uku ba ta yi. Kafintocin rufi sun san wannan, shi ya sa katakon da ke ƙarƙashin kwano a gicciye yake. Don haka a bayan gadon, ɓangaren bango, a sa katako ɗaya daga ƙasan wannan ginshiƙi zuwa saman wancan. A yi haka a gefen kai da gefen ƙafa. Gaba ne kaɗai ake bari a buɗe don shiga. Wanda ba ya son ganin gicciyen sai ya rufe bayan da faifan filawud mai kauri, ya ɗaure shi da sukuru ko'ina. Aikinsu ɗaya, kuma ya sami wurin rataye kanta ta littattafai.

Wani zai ce, ai sai in ɗaure shi da bango. Ɗaurewa da bango ƙari ne mai kyau, in mai gidan ya yarda. Amma bulo mai rami a ciki ba ya riƙe ƙarfe sosai, bangon ƙasa balle. Gadon ya fara tsayawa da kansa tukuna.

Shimfiɗar kuma, 'yan katako ne masu faɗin inci 4 a jere, a kan tu-bai-tu da aka ɗaure a cikin katakon gefe. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce inci 3. Kowanne a kama shi da sukuru. Kada a bar su a sake, don yaron da ke ƙasa yana iya tura su da ƙafa. Tazarar tana da amfani, katifa na shan iska, ba ta yin fumfuna da damina.

Kashi na huɗu, shinge. Iyaye, wannan naku ne.

A Amurka, likitocin wani asibitin yara da ke birnin Kolombos a jihar Ohayo sun bi bayanan asibitoci na 1990 zuwa 2005. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna kimanin yara da matasa 36,000 ake kaiwa sashen gaggawa duk shekara saboda gado mai hawa. Mafi yawansu faɗowa suka yi. Kuma a tuna, ɗakunanmu siminti ne a ƙasa.

Tun shekarar 2000 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta mai da ƙa'idar shinge doka. Ga abin da ya kamata kowane kafinta ya ɗauka daga ciki. Shinge a ɓangarori biyu, har da na bango, don gado yana matsawa yaro ya faɗa tsakani. Saman shingen ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5. Ku ji da kyau: saman katifa, ba saman katako ba. Uwa ta ga katifar ɗanta ta yi laushi, ta sayo sabuwa mai kaurin inci 10 don ƙauna, sai katifar ta haɗiye shingen. Don haka a rubuta iyakar kaurin katifa a jikin gadon da fenti.

Faɗowa ana ganinta. Haɗarin da ba a cika tunawa ba shi ne maƙalewa. Ƙaramin yaro kansa ya fi ƙirjinsa girma. Yana barci ya zame, ƙafafu su wuce ta tsakanin katako biyu, jiki ya bi, kai ya tsaya. Shi ya sa dokar Amurka ta hana tazarar da ta kai inci 3 da rabi, tsohuwar dokar Birtaniya ta 1987 kuwa ta tsaya a santimita 7 da rabi, wato kusan inci 3. Kafinta ya yanko guntun katako mai inci 3, ya bi duk wata kafa da ke saman gadon yana turawa. Duk inda ya wuce, a toshe.

Yaron da bai kai shekara 6 ba, ba ya kwana a sama. Ko ya yi kuka, ko yayansa na can. Mai farfaɗiya, mai tafiya cikin barci, mace mai tsohon ciki, da tsofaffi, su ma ƙasa.

Tsani a ɗaure shi da gadon da noti, ba jingina shi ake yi ba. Tsakanin mataki da mataki inci 10 zuwa 12, kuma duka daidai, don ƙafa a duhu awon matakin farko take bi. Kan ginshiƙi a yanke shi daidai da shinge, kada ya yi tsini a sama, saboda igiyar jaka ko wuyan riga na iya sarƙewa. Gidan sauro a rataye shi daga silin, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Sauro yana hawa bene. A ƙarƙashin gado kuma ba risho, ba kyandir, ba maganin sauro mai hayaƙi, ba kaskon gawayi ko da sanyin Disamba ya kai inda ya kai.

Kashi na ƙarshe, masu tsohon gado.

Mai gadon ƙarfe mai hawa biyu yakan kira mai walda ya ce, "Malam, yanke min na ƙasan." An yanke, fili ya samu. Amma gadon ƙasan nan shi ne ke ɗaure da ƙafafu huɗun. An cire shi, ƙafafun sun zama marayu. Kafin mai walda ya naɗe wayarsa, ya mayar da ƙarfe a ƙasa ta baya da gefe biyu, ya sa gicciye. Ya ƙara shinge, don yawancin irin waɗannan gadajen ɗan guntun ƙarfe ne kawai a gefe ɗaya, wasu ma babu.

Mai gadon katako na gargajiya kuma, kada a yi wa ƙafafunsa ƙari. Ƙafa mai tsawon inci 12 da aka jona wa katako mai ƙafa 4, a wurin jonin za ta karye. A yi sababbin ginshiƙai dogaye, guda-guda ba joni. Daga tsohon gadon a ɗauki allon kai, da 'yan katakon shimfiɗa in suna da lafiya.

Ko sabo ko gyararre, mutum ba ya fara kwana a kai. Buhu ne ke fara hawa. Buhun siminti kilo 50 ne. A ɗora huɗu a tsakiya, kilo 200 ke nan, a bar su su kwana. In babu siminti, buhunan masara ma sun yi. Da safe a duba katakon gefe ko ya lanƙwasa, a duba mahaɗai ko sun buɗe. Sannan babba ya kama ginshiƙi da hannu biyu ya jijjiga, gaba da baya, hagu da dama. In saman gadon na lilo, ko ana jin ƙara, a ƙara gicciye a sake gwadawa. Sifanar kuma a rataye ta a ƙusa a bayan ƙofa. Katako zai ƙara motsewa a hunturun farko, don haka a watan Janairu a bi notin ɗaya bayan ɗaya a ƙara ɗaurewa, a sake yin haka in damina ta tsaya.